Camry 2005 mai tafiyar 231,400: in saya ko in haƙura?

Baban_Ilham:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Shawara nake nema, don kaina ya ɗaure. Shekara uku ina tara kuɗin mota. Na haɗa da adashin da na kwasa watan jiya da kuɗin babur ɗina da na sayar, yanzu ina da miliyan biyar da 'yan kai. Akwai wani dattijo abokin kawuna a nan Zariya, malamin jami'a ne da ya yi ritaya, zai sayar da Camry ɗinsa ta 2005, wadda ake ce wa Big Daddy, silinda huɗu, otomatik. Shi ya sa aka kawo masa ita daga Amurka a 2012, kuma tun daga lokacin ba wanda ya riƙe ta sai shi. Jiya na je na gani. Kujerun ko yagewa babu. Abin da ya fi ba ni mamaki, ya shiga ɗaki ya ɗauko min wani littafi mai bangon kwali irin na 'yan makaranta, duk juyen baƙin mai da ya taɓa yi, da taya, da batir, da birki, ya rubuta kwanan wata da abin da mita ta nuna da abin da ya biya. Matsalar ita ce mitar: 231,400. Ya ce miliyan 4.6. A ɗaya gefen, wani dillali a Kaduna ya turo min hoton Camry 2008, wadda ake ce wa Muscle, mitarta 74,000 kacal, miliyan 5.3, wai wata Hajiya ce ke hawa. Zirga-zirgata Zariya zuwa Kaduna ce sau biyu a mako, sai kai yara makaranta. Wacce za ku ba ni shawara?

Sadiq_Fagge:
Wa alaikumus salam. Malam, mota ta yi tafiyar dubu 231 kuma ka zuba mata miliyan huɗu da rabi? Ai wannan ta gama cin zamaninta. Cika ka ɗauki Muscle.

Ummu_Sultan:
"Wata Hajiya ce ke hawa." Duk motar da ke hannun dillali a ƙasar nan Hajiya ce ke hawa, kasuwa kawai take zuwa da ita. Mu Hajiyoyin nan mun shiga uku da sharri.

Injiniya_MB:
Kafin a yi nisa, Baban_Ilham, duba min abu ɗaya. Tunda daga Amurka aka kawo ta, wannan lambar mil ce, ba kilomita ba. Mil ɗaya kilomita 1.6 ne da ɗoriya. Wato 231,400 ɗin nan kusan kilomita dubu 372 ke nan. Ba don in tsorata ka na faɗa ba, don ka san abin da kake saye ne. Amma ka yi lissafin ta wata fuskar: motar ta kai shekara 20, in ka raba, mil dubu 11 da 'yan kai ke nan a shekara. Wannan tafiya ce ta mai hankali. Ita kuwa Muscle ta 2008 a ce 74,000? Ko mil dubu biyar ba ta yi a shekara ke nan. A gareji aka kulle ta ana kallo?

Baban_Ilham:
Inna lillahi. Wallahi ni duk a zatona kilomita ce. To abin ya ƙara girma ke nan.

Oga_Sani_Ƙofar_Ruwa:
Bai ƙara girma ba, Malam. Ni bakanike ne, shekarata 19 a wannan sana'a, kuma rabin motocin da ke shigowa garejina Camry da Corolla ne. Bari in gaya maka gaskiya. A duk jikin mota babu abin da ya kai mita saurin yin ƙarya. Yaro ɗaya da kwamfutarsa, kafin ka gama shan shayi ya mayar da 240,000 ta koma 74,000. Mitar da ta ce maka 231,400 kuwa ba wanda ya taɓa ta, don ba mahaukacin da zai ƙara wa motarsa tafiya. Ga kuma littafi. Ka buɗe shafin farko ka ga nawa ta nuna ranar da ta iso hannunsa, ka bi lambobin ka ga ko suna hawa a jere.

Injin da ke cikinta 2AZ ne, lita 2.4. Sarƙa yake amfani da ita, ba taimin bel ba, don haka babu fargabar bel ya tsinke maka a hanya. Mai silinda shida ce ke da bel. Lagonsa ɗaya: ba ya son zafi. Jikinsa alminiyom ne, in ya taɓa tafasa sosai, zaren da ke riƙe ƙusoshin top silinda yakan cinye, musamman na baya, sai ruwa ya fara tsiyaya, gaskit ya ƙone. A canza gaskit, bayan wata biyu a dawo. Don haka tambayar da za ka yi wa Baba ba "nawa ta yi tafiya" ba ce. Tambaye shi: ta taɓa tafasa? An taɓa buɗe kan injin?

Ita kuma Muscle ɗin da Sadiq ke zuga ka, injin iri ɗaya ne, sai dai na shekarun 2007 zuwa 2009 sun yi ƙaurin suna wajen shan baƙin mai, matsalar ringi ce tun daga kamfani. Ba duka ba, amma na buɗe da yawa.

Sadiq_Fagge:
Oga Sani, ai ku kanikawa dole ku so tsohuwar mota. Nan abincinku yake.

Oga_Sani_Ƙofar_Ruwa:
Sadiq, da abinci nake nema da Muscle ɗin zan ce ya saya.

Abu_Yasmin:
Ni dai jiki magayi. A 2021 na sayi Honda Accord, wadda ake ce wa EOD, a hannun wani dillali. Mita 88,000, fenti na ƙyalli, an fesa turare a ciki. Kyan ɗan maciji. Sati uku da saye muna hanyar Funtuwa da iyali, giya ta ƙi shiga ta uku, inji na ta ihu mota ba ta tafiya. Da aka ja ta zuwa gareji, yaron bakaniken yana duba ƙofar direba sai ya ga wata 'yar takarda ta juyen mai da aka manna tun a Amurka, ta ɗan kwaile amma ana karantawa: 197,000. Tun kafin ta hau jirgin ruwa ke nan. Na koma wurin dillalin ya ce shi ma haka ya saye ta. Abin da na kashe a giya da ƙafafu a shekarar farko ya kusa sulusin kuɗin motar. Da na samu mai littafi irin na Baban nan, ko dubu ɗari uku ta yi da gudu zan saya.

Hafsat_KD:
Abu_Yasmin, Allah ya mayar da alheri. Amma fa kada littafi ya rufe mana ido. Littafi yana gaya maka abin da aka canza ne, ba ya gaya maka abin da ke layi yana jiran lokacinsa. Motar babanmu haka take, bai taɓa wuce ranar juye ba, injin lafiya lau har yau. Amma da ta haura shekara 18 sai ƙananan abubuwa suka taso mana a jere: yau kwampireson esi, gobe famfon mai, jibi robobin ƙafa, gata injin ɗaga gilashi. Babu babba a ciki, amma kowane wata sai an kai ta. Roba da waya ba ruwansu da kulawa, shekaru ne ke cin su, balle a zafin nan namu. Yaya Baban_Ilham, in ka ba da 4.6, nawa zai rage a hannunka? Wannan ita ce tambayar.

Baban_Ilham:
Hafsat, zai rage kamar dubu ɗari biyar. In kuma Muscle ce, sai na ranto dubu ɗari biyu na cika.

Hafsat_KD:
To ka ga ni a nan na tsaya. Mota ta hannu, kowace iri ce, ba a sayenta da kuɗin ƙarshe na aljihu, balle da bashi.

Malam_Tsoho_504:
Yaran zamani kuna ba ni dariya da tsoron lamba. Fijo 504 ɗin da na saya, haɗin kamfanin PAN na Kaduna, mitarta ta mutu tun ban aurar da 'yata ta fari ba, na ci gaba da hawa shekara goma sha. Kano, Maiduguri, Sakkwato, babu inda ba ta je ba. Mu a lokacinmu kunne muke sa wa inji, ba ido a mita ba. Da tsohuwar zuma ake magani.

Sadiq_Fagge:
Baba, 504 kafireto ce, ko a ƙauye ta tsaya da sukundireba da filaya za a tashe ta. Waɗannan kuwa sai an jona kwamfuta.

Malam_Tsoho_504:
Wannan kuma gaskiyarka ne, ɗana.

Ɗan_Maraɗi:
Gaisuwa daga Nijar. Mu nan in ka je Yamai ka ga taksi, tsofaffin Starlet da Corolla ne, wasu sun girmi direbobinsu, kullum suna kan hanya daga asuba har dare. Ba mai tambayar kilomita. Abin da muke dubawa ƙasan mota ne. Wadda ta zauna a ƙasar ƙanƙara, inda ake zuba gishiri a hanya, tsatsa na cinye ta daga ƙasa, sama kuwa fes. Inji ana sakewa, giya ana sakewa, amma shasi in ya ruɓe sai dai a sayar wa 'yan gwangwan. Ka sa a ɗaga ta ko a hau rami da ita, ka shiga da tocila da kanka. Kuma tun da aka rufe iyakarmu da Benin a 2023 motocin Kwatano suka yi wuya a nan, kowa ya koma lallaɓa tsohuwarsa.

Injiniya_MB:
Ɗan_Maraɗi ya tuna min. Ita Muscle ɗin, ka ce dillalin ya turo maka lambar shasi, haruffa da lambobi 17 ne, tana jikin gilashin gaba ta gefen direba. In daga Amurka ta zo, da wannan lambar ana iya ciro tarihinta a intanet, irin su Carfax: mil nawa ta yi kafin a fito da ita, ko ta yi haɗari, ko ambaliya ta taɓa cinye ta. Bayan guguwar Harvey ta 2017 motoci masu ɗimbin yawa ruwa ya shanye a Texas, kamfanonin inshora suka yi gwanjonsu, kuma irin waɗannan gwanjon ne 'yan kasuwarmu ke saye. Motar da ta sha ruwa wayoyinta ba sa ƙara yin lafiya. In dillali ya fara kwana-kwana a kan lambar shasi, ka samu amsarka.

Baban_Ilham:
Na tura masa saƙo yanzu. Ya karanta, bai ba da amsa ba tukuna.

Ummu_Sultan:
Yana can yana tambayar Hajiya.

Garba_Direba:
Ni tambayata ga Oga Sani. Ka ce injin ba ya son zafi. To ai shi ya sa muke cire tamostat, abin nan da ke daidaita zafin inji, mu haɗa fanka dairek. Sharon ɗina haka na yi mata, Kano zuwa Jos kullum, ba ta taɓa tafasa ba. In ya saya ya fara yin haka kawai ya huta.

Oga_Sani_Ƙofar_Ruwa:
Garba, don Allah kada ka koya masa wannan. Na san rabin garejin ƙasar nan haka ake yi, ni ma haka ogana ya koya min, sai daga baya na gane kuskure ne. An ƙera inji ne ya yi aiki a wani zafi na musamman. In ka cire tamostat, da safe da lokacin hunturu injin ba ya kai wannan zafin, kwamfutar motar sai ta ɗauka har yanzu a sanyaye yake, ta yi ta ƙara masa fetur. Ka sha mai, fulogi ya yi baƙi, inji ya ci kansa a hankali. In mota na tafasa akwai dalili: lagireto ya toshe, ko murfinsa ya mutu, ko famfon ruwa, ko fanka. A gyara dalilin. Kuma ruwan rijiya da ake ɗura wa lagireto shi ke haifar da tsatsar da ke toshe shi. Baban_Ilham, in ka koma, da safe kafin a tayar da ita, buɗe murfin lagireto. In ka ga ruwa ja ko kore mai tsabta, Baba ya san abin da yake yi. In ka ga ruwan kunun kanwa, ka rage kuɗi.

Garba_Direba:
Oga, ni dai shekara shida ban ga matsala ba.

Injiniya_MB:
Garba, lita nawa kake sha Kano zuwa Jos? Ka mayar da tamostat wata ɗaya ka gwada, sai ka dawo mu yi magana.

Garba_Direba:
Sai dai in kai za ka biya kuɗin gaskit in ta ƙone.

Maman_Walid:
Kun koma faɗan tamostat kun bar bawan Allah a tsaye. Ni abin da ban ji an ambata ba shi ne fetur. Tun da aka cire tallafi a watan Mayun 2023, sayen mota daban, ciyar da ita daban. Maigidana Camry ce da shi, yanzu sai Juma'a da ranar biki take fita, sauran kwanaki Keke Napep yake hawa. Mutumin da zai riƙa yin Zariya zuwa Kaduna sau biyu a mako, tafiyar kilomita 80 zuwa kawai, me zai hana ya nemi Corolla mai lita 1.8?

Sadiq_Fagge:
Anti, Corolla ta 2005 mai lafiya ta fi Big Daddy tsada a kasuwa yanzu, saboda kowa ita yake nema. Kuɗinsa ba zai kai ba sai dai wadda 'yan haya suka gama tatsa.

Abu_Yasmin:
Kuma a doguwar hanya bambancin shan man ba shi da yawa. A cikin gari ne Camry ke nuna hali.

Lauya_Ɗan_Birni:
Wata fuskar kuma: takardu. Ko wacce ka zaɓa, ka ga takardar kwastan ta asali, ka tabbatar lambar shasi da ke jiki ita ce a takarda. A farkon 2017 gwamnati ta hana shigo da motoci ta iyakokin ƙasa, amma ba a daina ba, kuma da yawa daga cikin masu arahar nan ta daji suka shigo. Ranar da jami'an kwastan suka tare ka a hanya, ba ruwansu da cewa kai ma saye ka yi. Motar da ta shekara 13 a hannun mutum ɗaya sananne, da sunansa a kan komai, ta fi kwanciyar hankali nesa ba kusa ba. Amma ko da abokin kawunka ne, a rubuta yarjejeniyar ciniki da shaidu biyu, a yi canjin suna. Kunya ba ta shiga nan.

Nazir_Tudun_Wada:
Lauya ya taɓo inda ni nake jin tsoro, amma ta baya. Sayen mota a hannun babba wanda ake jin nauyinsa yana da nasa ciwon. Ba za ka iya taya shi yadda za ka taya dillali ba. In ka kawo bakanike ya shiga ƙarƙashi, sai a ce ba ka yarda da dattijo ba. In bayan wata ɗaya giya ta mutu, ba ka da bakin magana, kawunka ma zai ce ka yi haƙuri. Ni na sayi 406 a hannun surukina, har yau in ta lalace a ɓoye nake kai ta gareji kada labari ya je gida.

Ummu_Sultan:
Nazir, mutumin da ya zauna shekara 13 yana rubuta kuɗin fulogi a littafi ba zai ji haushi don an kawo bakanike ba. Irinsu daɗi ma suke ji a yaba aikinsu. Ni tambayar da zan yi masa ita ce, Baba me ya sa za ka sayar?

Baban_Ilham:
Na tambaya, Hajiya. Ya ce idonsa ya fara rauni, ba ya tuƙin dare, kuma ɗansa ya saya masa wata ƙarama ya haɗa shi da direba. Har ya ce min shi ba ya son ta faɗa hannun 'yan haya.

Oga_Sani_Ƙofar_Ruwa:
To ga abin da za ka yi, kuma kada ka je da rana. Ka ce wa Baba kada a tayar da ita sai ka zo, ka je da sassafe da bakanikenka, ba nasa ba. Murɗa makulli ba tare da ka tayar ba, ka ga fitilar cek injin ta kama, sannan ta mutu bayan inji ya tashi. In ba ta kama ba sam, an cire ƙwan ne. Ka tsaya a bayan salansa lokacin tayarwa: hayaƙi shuɗi baƙin mai take ƙonawa, fari mai kauri da ba ya ɗaukewa ruwa ne ke shiga inji. Buɗe murfin baƙin mai ka leƙa, in ka ga baƙin dasƙararren abu kamar kwalta, littafin nan ƙarya ne, in ka ga kamar madara, gaskit ne. Zaro sandar man giya ka shinshina, ya zama ja-ja, ba baƙi mai ƙauri ba. Ka duba a littafin ko ya taɓa canza man giya da kuma wane iri ya zuba, don wannan T-IV take sha, ba kowane jan mai ba. Daga nan ku hau titin Kano da esi a kunne, ku yi tafiyar rabin awa, ka ji yadda take canza giya, sannan ku dawo ku shiga cunkoson PZ ku tsaya, idonka a kan allurar zafi. A jona mata kwamfuta. A leƙa a ga ko indomin salansa, wato abin da ke tace hayaƙi, na nan ba a fafe shi ba. In ta wuce duk wannan, ni da kuɗina zan saya. Kayanta kuwa ko a nan Ƙofar Ruwa ko Panteka ta Kaduna, har inji da giya na Beljiyom, a zube suke.

Hafsat_KD:
Oga Sani, ka ce "har inji da giya a zube suke". Nawa ne giyar? Don dubu ɗari biyar ɗin da zai rage masa nake ji.

Oga_Sani_Ƙofar_Ruwa:
Farashi na bin dala, Hajiya, abin da na faɗa yau gobe ya canza. Amma ba zan ɓoye ba, in giya ta tafi, abin da ya rage masa zai girgiza.

Sadiq_Fagge:
Kun ji ko. Ni har yanzu ina kan bakana. Kilomita dubu 372 fa. Ranar da zai sayar, wa zai saya a hannunsa tana dubu ɗari huɗu da hamsin? Sai dai shi ma ya kira yaron mai kwamfuta.

Abu_Yasmin:
Sadiq, wato matsalarka ba tafiyar ba ce, ganin lambar ne. A rufe maka ido ka fi jin daɗi.

Sadiq_Fagge:
A'a, ni cewa na yi ya ƙara haƙuri wata shida ya tara, ya nemi wadda ba ta kai wannan ba kuma ba ta dillalin Hajiya ba. Dole ne sai ɗaya daga cikin biyun nan?

Maman_Walid:
Wata shida kuma kuɗin ya ƙara narkewa a banki, mota ta ƙara tsada. Wanda ya tara kuɗin mota a farkon 2023 ya ce bari ya jira, tambaye shi me ya saya daga baya.

Baban_Ilham:
Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Ga inda ake. Dillalin Kaduna ya kira ni maimakon ya turo lambar, ya ce wai motar tana wurin wanki, kuma akwai wani daga Abuja da zai zo da kuɗi gobe, in ina so in tura kafin alƙalami. Na ce Allah ya ba na Abuja sa'a. Na kuma kira Baba na ce zan zo da bakanike ranar Asabar da safe, sai ya yi dariya ya ce in zo da biyu ma. Na tambaye shi maganar tafasa, ya ce sau ɗaya ta taɓa yi a 2019 a hanyar Bauchi, tiyon lagireto ne ya fashe, ya ce ya kashe ta nan take, kuma yana cikin littafin. Oga Sani, wannan sau ɗayan abin tsoro ne?

Oga_Sani_Ƙofar_Ruwa:
Ya danganta da minti nawa ta yi tana tafiya bayan allura ta hau. Duba shafukan da suka biyo bayan ranar. In ba ka ga gaskit ko "ƙarin ruwa" yana maimaituwa ba a shekarun da suka biyo, ta tsallake. Ka ce bakaniken ya sa hannu a bayan injin, ƙarƙashin manifol, ya ji ko akwai danshi. Ɗauko min hoton shafin ka turo nan.

Garba_Direba:
Da ya cire tamostat da ba ta tafasa ba.

Injiniya_MB:
Garba, tiyo ne ya fashe!

Nazir_Tudun_Wada:
Baban_Ilham, in ka je Asabar ka taya miliyan huɗu ka ji. Ce masa kawu ne ya ce ka taya haka.